Abin da ke Gefen Hoton

Balkisa ta riga ta goge gwangwanaye uku da igiyar lantarki ɗaya daga hoton kafin ta kai ga baƙin abin da ke kwance a bakin ruwa, can gefen hagu.

Aikinta ke nan tun da ta gama karatu a Saint-Denis, kusa da Paris. Kamfanin da take wa aiki a Paris yana shirya wa mutane tafiye-tafiyen hutu, masu ɗaukar hoto suna aiko da hotunan tsibirai da gaɓar teku, ita kuma ta share duk abin da zai ɓata wa mai kallo rai, ta ƙara wa ruwa shuɗi. Ita da ta tashi a Damagaram, ba ta taɓa sa ƙafa a teku ba sai da ta zo Faransa. Wannan hoton na wani ƙaramin tsibiri ne a kudancin Italiya, an ɗauko shi daga saman dutse da sassafe. Shi aka zaɓa ya hau bangon kundin tallan kamfanin na bazarar 2015.

Ta ɗauka tsohuwar taya ce. Ta ƙara girman wurin don ta ga iyakarsa. Sai ta ga tafin ƙafa. Ta sake ƙarawa, ga hannu a miƙe kan yashi, ga riga ruwan lemo mai ratsin kore a wuya.

Ta ture kujerarta baya da ƙarfi har ta bugi bango.

"Lafiya?" in ji Nadia, shugabar sashensu, da Faransanci. Ta zagayo ta leƙa allon. Ta sa hannu a kan bakinta. "Wataƙila barci yake," ta ce a ƙarshe, amma muryarta ta nuna ita ma ba ta yarda ba. "Gobe da rana za a kai kundin wurin bugu. Ki cire shi, ko mu sauya hoton. Ban sani ba, Balkisa. Wallahi ban sani ba."

Balkisa ba ta ji rabin maganar ba. Ta jawo wayarta, ta buɗe hoton ƙarshe da Bukari ya turo mata. Ɗan yayar mahaifiyarta ne, a gida ɗaya suka girma. Yana tsaye jikin wani gini a Libiya, yana dariya, sanye da rigar Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, ruwan lemo. Tun watan Satumba ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta duba ranar da aka ɗauki hoton tsibirin: huɗu ga Oktoba.

Mai hoton wani Monsieur Vasseur ne, mazaunin Lyon. Ta kira shi sau uku bai ɗaga ba. Ta kwafi adireshinsa, ta ɗauki jakarta, ƙarfe goma sha ɗaya tana cikin jirgin ƙasa.

Sun wuce gonaki da yawa wayarta ta yi ƙara. Inna Hamdiya ce, mahaifiyar Bukari, daga Damagaram.

"Balkisa, kin tashi lafiya? Ina sanyi?"

"Lafiya lau, Inna. Ina gida? Ina su Baba?"

"Duk lafiya. Wani yaro ya dawo daga Sabha, can Libiya, ya ce an ga Bukari a Tirabulus yana aikin gini. Na ce bari in gaya maki ki ji daɗi."

"Yaushe aka gan shi, Inna?"

"Ai bai faɗa ba."

"To, Allah ya sa mu ji alheri," in ji Balkisa.

Gidan Monsieur Vasseur yana kan tudun Croix-Rousse, hawa na huɗu. Dattijo ne dogo, mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta faɗi sunan kamfaninsu, ya ba ta hanya. Bangon ɗakin ko'ina hotuna ne, tsibirai da hasumiyoyin teku da kwale-kwalen masunta, babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Ya ce shekara talatin da biyu yana wannan aiki.

Ta miƙa masa takardar da ta buga, ta sa yatsa a gefen hagu. Ya sa tabarau. Ya nemi kujera ya zauna.

"Ban san ya fito a wannan ba," ya ce. "Na cire duk sauran hotunan da ya fito a ciki. Daga sama ban gan shi ba. Haske nake jira, wajen minti arba'in ina tsaye ina ɗauka. Sai da na sauko in ɗauki duwatsun daga ƙasa."

"Ya mutu?"

"Lokacin da ransa."

Balkisa ta dafa tebur. Ya ce kwale-kwalen 'yan ci-rani ne ya kife tun kwana biyu kafin nan, mutumin nan shi kaɗai ruwa ya kawo wannan gefen tsibirin. Dattijon ya ja shi daga inda igiyar ruwa ke dukansa, ya kira 'yan sanda, ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe shi. Hanyar wurin ba ta da kyau, sai da suka yi rabin awa kafin su iso. Kafin nan ya cika, kansa a kan cinyar dattijon.

"Akwai hoton fuskarsa?" ta ce. "Ina da ɗan'uwa da ya ɓata."

Ya dube ta sosai a karon farko. Ya tashi ya kunna kwamfuta, ya ce 'yan sanda ne suka roƙe shi ya ɗauka, ko wani zai zo nema. Ya tambaye ta ko ta tabbata tana son gani. Ta gyaɗa kai.

Fuskar ta bayyana. Matashi ne, leɓunansa sun tsattsage, farin gishiri ya bushe a girarsa. Yana da tsaga biyu ƙanana a kowane kunci. Bukari ba shi da tsaga.

"Ba shi ba ne," ta ce da Hausa. "Alhamdu lillahi, ba shi ba ne." Kalmar na fita ta ji kunya ta rufe ta, don idonta yana kan fuskar ɗan wata. Ta zauna a ƙasa inda take, ta yi kuka mai sauti, dattijon yana tsaye bai san abin da zai yi da hannayensa ba.

Da ta natsu ya kawo mata kofi. Ya ce bai sake komawa bakin teku da kyamara ba tun ranar, amma abu ɗaya yana sanyaya masa zuciya. Mutanen da ake binnewa a maƙabartar tsibirin, yawancinsu lamba kawai ake rubuta masu. Wannan kuwa yana da suna.

"Ya gaya mani sunansa," in ji shi. "Na yi ta tambayarsa da Faransanci, da Turanci, shi kuma yana maimaitawa. Ya riƙe hannuna yana faɗa, ya fi sau ashirin. Na ba hukuma, na sa aka sassaƙa a dutse. A watan Disamba na koma na gani da idona."

Ya buɗe wani hoton. Ƙaramin farin dutse ne a cikin ciyawa, an rubuta ROUA, a ƙasa kuma 4.10.2014.

Balkisa ta karanta a zuci. Ta sake karantawa, wannan karon leɓunanta suka motsa, ta ji kalmar da kunnenta. Kofin ya karkace a hannunta, ya zuba kan siket ɗinta, ba ta ji zafinsa ba.

"Kin san sunan?" ya ce, yana matsowa. "Na ƙasarku ne? Na bincika ban samu ba. In akwai garin da ake sa shi, wataƙila a gano danginsa."

Ta dubi dattijon. Fuskarsa cike da fata. Tana iya cewa e, ta sauka benen, ta kama jirgin ƙarfe huɗu. Amma muddin ana neman dangin wani Roua, babu uwar da za a samu.

"Monsieur, yaya ya faɗe shi? Faɗa mani yadda ka ji."

"Ru-wa," ya ce a hankali, yana jan ƙarshen. "Ruwa."

"Bahaushe ne, yarenmu ɗaya," ta ce. "Amma ba suna ba ne." Sannan ta gaya masa ma'anar da Faransanci. Abin sha yake roƙo.

Monsieur Vasseur bai motsa ba. Can ƙasa wata mota ta wuce. Ya cire tabaraunsa, ya ninke, ya sake buɗewa.

"Akwai ruwa kwalba biyu a jakata," ya ce. "Jakar tana bayana, a kan yashi."

Balkisa ta jira har numfashinsa ya daidaita, sannan ta roƙe shi ya buga mata hoton fuskar. Ranar Lahadi 'yan Nijar suna taro a Saint-Denis, akwai tsofaffin da suka san tsagar kowane yanki. Ya tashi kamar mai ciwon baya, ya sa takarda a injin bugawa.

"Guda nawa?" ya tambaya.

"Ashirin," ta ce. "Kada ka gyara komai a jiki."