Jirgin Agadas Ba Ya Sauka Tawa

…kuma saura mutum biyu motar Tawa ta cika. Biyu. Inna ta riga ta kame gefen taga, da zanenta na salla, kwanon fura a cinya an rufe da faifai. Ta Lurwanu ce. Shekara huɗu yayan nawa yana haƙar zinariya can bayan Agadas, ba waya, ba saƙo — yau kuma wai daga sama zai sauko.

Ni na sauko da shi. Da bakina.

Wasa ne fa. Jiya da la'asar, ni da ƙawata Fa'iza a bayan rumbu, na toshe hanci na ja murya irin ta matar da ke sanarwa a filin jirgin Yamai — "Jirgin Agadas zai sauka Tawa gobe da azahar, a ciki akwai Malam Lurwanu na Babankatami." Fa'iza har da birgima, wai in naɗa a waya. Na naɗa. Wa ya aike ni? Ita kuma wa ya ce ta yi ta kunnawa, Inna na sussuka a tsakar gida?

Na taɓa yin muryar liman, an yi dariya. Na yi kukan akuyar Altine har Altine ta fito da igiya. Duk garin an san bakina... sai wadda ta haife shi.

"Mardiyya, kin jiya? Matar gwamnati ta ambaci sunanai," in ji Inna.

Jirgin ma ba ya zuwa Tawa. Wa ya fi ni sani? Wata uku ina haddace taswirar kamfanin jirgin nan, lokacin da nake neman aikin otes, mai hidimar fasinja — jirage biyu gare su, masu farfela, ɗaya kullum yana wurin gyara. Yamai zuwa Damagaram, daga can Difa. Maraɗi in fasinja sun taru. Na Agadas jan zare ne a takarda, ya ratsa ta kan Adar, ta kan geronmu da duwatsunmu, ko leƙe babu. Na zayyano musu duka a tsaye, mai ɗaukar ma'aikatan ya dubi takardun dosiyena, ya dubi tsawona... "Za mu kira ki." Shi ma na iya muryarsa. Da me ta amfane ni?

Saura ɗaya. Wani mai buhun albasa ya shiga.

Faɗa mata mana. Inna, ni ce. Shi ke nan fa. Jiya na buɗe baki na tarar tana yi wa maƙwabta albishir. Da safe a kan kabu-kabu zuwa Madawa na buɗe, iska ta kwashe. Yanzu kuma...

Ko in zaga bayan tasha in sake toshe hanci? "Muna ba da haƙuri, an ɗaga jirgin sai mako mai zuwa." Za ta yarda. Za ta koma gida ta dama sabuwar fura. Mako mai zuwan fa? Na bayansa fa? In zama kamfanin jirgi ni kaɗai, ina ɗaga Lurwanu duk Talata har sai yaushe?

Tana gyara kallabi a madubin direba. Rabon da in ga Inna ta dubi madubi —

Ana buga jikin mota. Ta cika. Inna ta matsa ta ba ni wuri, ta kama hannuna.

"Ke da kin ka yi karatun lakwal, ke za ki yi musu magana in mun isa."

Muryar kowa na cikin maƙogwaron nan. Ina laluben tawa, wadda zan faɗa mata gaskiya da ita... ban ma tuna yadda take ba. Ga shi har mun hau kwalta.