Tafin Ƙarshe

Shekara arba'in da ɗaya Douwe Hiemstra ya yi yana cinikin shanu a kasuwar Leeuwarden, bai taɓa sa hannu a takarda don sayar da ko ɗan maraƙi ba. Tafi ake yi. Mai saye ya faɗi kuɗinsa ya tafa hannunka, kai ma ka faɗi naka ka tafa nasa, a yi ta ja har a zo tafin ƙarshe, mai ƙarfin nan da ake ji daga bakin ƙofa. Daga nan magana ta ƙare. Wanda ya tafa ya dawo ya ce ya fasa, gara ya nemi wata sana'a, don ko kofi ba mai ƙara sha da shi.

Yanzu ya ba saba'in da bakwai baya, kuma abin da ya rage masa na sayarwa gida ne kawai. Matarsa Aukje wata takwas ke nan tana gidan kula da tsofaffi a garin Sneek, tunda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Kullum ƙarfe huɗu na yamma sai ta je ta tsaya bakin ƙofa tana jiransa, in bai zo ba ta yi ta kuka har a rasa yadda za a yi da ita. Shi kuwa likita ya hana shi tuƙi saboda ido. Bas biyu yake hawa daga ƙauye, ran Lahadi ma babu. Sai ga ɗan ƙaramin gida na sayarwa daidai tsallaken titin inda take, mai shi ya yarda ya jira shi zuwa ƙarshen wata. Yuro dubu ɗari biyu da casa'in Douwe ke bukata, in sun gaza haka gidan nan ya wuce shi.

Dillalinsa Rutger ne, ɗan wani mahauci da suka yi zamani tare, yaro mai takalmi mai tsini da baki kamar rediyo. Ranar da yake neman aikin, cewa ya yi gidan nan ko makaho zai biya dubu ɗari uku da goma. Da aka yi sati shida sai waƙar ta sake. Yau rufi ya tsufa, gobe tagogi na shigar da sanyi, jibi kasuwa ta kwanta. Gida dai bai canja ba, bulo ɗaya bai faɗi ba.

Ran Talata ya zo har kicin, ya sha kofi, ya cinye yankan kek biyu.

"Kawu Douwe, na samo maka mutane. Mata da miji, yara masu hankali. Ɗari biyu da hamsin da biyar."

"Kai da su duk Allah ya ba ku lafiya."

"Haba Kawu! In waɗannan suka tafi, wallahi sai bazara. Kai da kake da ƙarshen wata a wuya?" Ya yi dariya, ya miƙo tafin hannu a buɗe. "To zo mu yi irin naku na da. Babana ya ce ba a taɓa kayar da kai ba. Hamsin da biyar!"

Ya tafa hannun Douwe. Shekara goma sha biyu rabon da wani ya tafa hannun nan, sai hannun ya tashi da kansa tun kai bai ba shi izini ba.

"Casa'in."

"Sittin!"

"Tamanin."

"Sittin da biyar, Kawu, ko sisi babu a bayansa, kuma yau ne ko ba a yi ba!"

Ƙarar tafin ƙarshe ta cika kicin. Sai da motar Rutger ta fice daga layin sannan Douwe ya dubi hannunsa da ya yi ja. Ya zubar da dubu ashirin da biyar a kan teburin kicin saboda daɗin wasa. Gidan tsallaken titi ya tafi, kuma shi ya kore shi da hannunsa.

Washegari 'yarsa Femke ta hau jirgin ƙasa daga Utrecht ta zo. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba ta fara.

"Baba, ka sa hannu a wani abu?"

"Na tafa."

"Na ji ka tafa. Biro nake tambaya."

"Sai Juma'a, a ofishinsa."

"To ba ka sayar ba. Gida ba saniya ba ne, Baba. Na tambayi lauyar wurin aikinmu, ta ce mai sayar da gidansa, muddin bai sa hannu a takarda ba, ko sau goma ya ce e, ba abin da ya ɗaure shi. Kuma farashi naka ne, ba na Rutger ba. Kai ka ɗauke shi aiki!"

"Lauyarki ta taɓa shiga kasuwa?"

"Kasuwar ce za ta zo ta riƙe Mama ƙarfe huɗu?"

Maganar ta soke shi. Ya tashi ya shiga wanke kofin da ba shi da datti. Femke ta san inda ta taɓa, ta sassauta murya, ta ce shi Rutger la'adarsa ɗan kaso ce, in an rage dubu ashirin da biyar abin da zai rasa bai kai kuɗin tayoyin motarsa ba, sauri kawai yake ya rufe ya wuce. Douwe duk ya ji. Amma mutum ba ya shekara arba'in yana abu ɗaya a ce ya tuɓe shi ranar Laraba kamar safa. Kwana biyu ya yi yana juya maganar, in ya tuna Aukje ya ji kamar ya kurma ihu, in ya tuna tafin ya ji kunya ta rufe shi.

Ran Juma'a da safe suka je ofishin. Masu sayen na zaune, Sander da Marit, ita da tsohon ciki, sun zo har da furanni. Rutger ya tura masa takardu, ya ɗora biro a kai.

"Sa hannu nan da kuma nan kawai, Kawu. Ai an gama tun Talata, ko ba haka ba?" Ya juya ga yaran yana washe baki. "Da hannu muka yi, irin na mutanen da. Sai da na yi gumi kafin na sauko da shi!"

Douwe ya ɗago kai a hankali. Na sauko da shi. A kasuwa, dillalinka kusa da kafaɗarka yake tsayawa, yana zungurinka kada ka sauka. Wanda ke gabanka yana tafa hannunka yana jan kuɗi ƙasa, sunansa mai saye.

"Rutger, ran Talata a ina ka tsaya?"

"A kicin ɗinka mana."

"Gabana ko gefena?"

"Kawu, wace irin tambaya..."

"Kai za ka sayi gidan?"

"A'a."

"To da wa na yi ciniki?" Ya juya ya miƙa wa Sander tafin hannunsa. "Ɗana, kai ne mai saye. Casa'in."

Sander ya dubi hannun, ya dubi matarsa. "Yallaɓai, ba mu da shi. Banki ba zai wuce saba'in ba. An ce mana ka amince."

Saba'in. Ashe ko a nan ma Rutger ya bar dubu biyar a ƙasa. Amma saba'in ba ta kai tsallaken titi ba, kuma Douwe ya ga gaskiya a idon Sander. Marit ta fara share hawaye. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, don waɗannan ba su yi masa komai ba.

"Ku yafe ni," ya ce. Ya ɗauke biron ya ajiye gefe.

Rutger ya tashi yana maganar kuɗin talla da na hotuna, da yadda ba wanda zai ƙara kallon gidan. Femke ta ce ya rubuto, za su karanta. Douwe bai tsaya ji ba. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare, ba mai saye, kuma a karon farko a rayuwarsa ya tafa ya fasa.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan ya isa Sneek. Takardar sayarwa na nan manne a tagar gidan tsallaken titi, ya wuce bai kalle ta sau biyu ba. Aukje na bakin ƙofa. Rabon da ta kira sunansa tun kafin Kirsimeti, amma yau ta kama hannunsa na dama, ta juya tafin ta duba, yadda take yi a da duk Juma'a in ya dawo daga kasuwa.

"Douwe. Ka sayar?"

"Ban sayar ba."

"Ba su taya da kyau ba?"

"Ba su taya da kyau ba, Aukje."

"Ka yi daidai," ta ce, ta ɗan bubbuga hannun. Ta waiga tana neman rigar sanyinta. "To me muke jira? Mu tafi gida."

Ya ce bari su ɗan zauna tukuna. Ta zauna tana riƙe da hannunsa gam, shi kuma yana satar kallon agogon bango, don bas ɗin ƙarshe da zai kai shi ƙauye biyar da minti goma yake tashi.