Mai Ɗaga Hular Kwano

Ran Talatar da aka nuna fim ɗin yaƙinsu a talabijin, Rodion ya daina gaisawa da maƙwabcinsa Yefim.

Tare suka yi yaƙin birnin Stalingrad da sojojin Jamus a kangon wata masana'anta. Rodion ke ɗaga hular kwano a kan sanda, maharbin Jamus ya harbe ta ya tona maɓoyarsa, sai Yefim ya bindige shi. Sandar ta ci wa Rodion yatsu biyu, lambobin yabo kuwa suka hau ƙirjin Yefim. Wannan Rodion ya haɗiye shi shekara arba'in. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne masu fim sun ɗauki marigayiya matarsa Taisiya sun mayar da ita masoyiyar Yefim, shi kuma suka yi shi wani ragon namiji mai laɓewa bayan ƙofa. Ya karanta littattafan yaƙi sun fi ɗari, bai taɓa cin karo da ƙarya mai ƙiba haka ba.

Wata uku bayan haka, Lyuba 'yar Yefim ta buga masa ƙofa. Ta ce jikin baba ya yi tsanani, yana neman gafarar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, saura shi kaɗai.

Rodion ya je ya tarar da shi kwance, ɗakin na warin magani da miyar kabeji.

"Rodya, ka yafe mini," in ji Yefim, da sunan da ya saba kiransa.

Amsar da kowa ke bayarwa ita ce Allah zai yafe, ni ma na yafe. Rodion ya tsaya riƙe da hularsa.

"Kai ka ba masu fim sunanta?"

"Tambayata suka yi wace mace na taɓa so. Na wuce shekarun yin ƙarya, mai yatsu takwas."

"To kira su su yafe maka, tun da su ne limamanka."

Ya fita, ya buga ƙofar har allon sunan gidan ya karkace.

Kwana biyu yana kai da komo a ɗakinsa. Ran na uku ya aske gemu, ya sa kwat, ya tsallaka. Ya tarar an lulluɓe madubin falo da mayafi, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa. A kan tebur ga ƙaramin kofin giyar vodka, an rufe bakinsa da yankan baƙin burodi, rabon mamaci.

Lyuba ta jawo masa kujera. Ya zauna yana kallon burodin, maganar da ya zo da ita na nan a bakinsa: ranar da Taisiya za ta cika, hannunsa ta riƙe, amma sunan Yefim ta kira.