Ƙotar Bindigar Stoffel

A sanyin bara ne Stoffel Maree ya harbi barewa a bayan gonar tumakinsa da ke busasshen yankin Karoo, harsashin ya kauce wa ƙirji ya shiga cikinta. Ya bi sawun jininta har rana ta take kafin ya cim mata ya ƙarasa ta. Da ya koma gida ya binciki bindigar, sai ya tarar ƙotar ta tsage daga wuya, ƙarfen yana motsi cikin katakon. Ranar ya yi wa Ubangiji alkawarin ba zai sake ɗaga ta a kan wata halitta ba sai saitinta ya daidaita, domin an halatta wa ɗan Adam nama, ba a halatta masa azabtarwa ba.

Ga shi sanyi ya zagayo, kasuwar da coci ke yi duk shekara ta matso, kuma tun zamanin mahaifinsa gidan nan ke kai naman barewa. Sabuwar ƙota na kan teburin rumfa, ya fafe ta ya goge, amma ya kasa ci gaba. Tsohuwar kuwa mahaifinsa ne ya sassaƙa ta, har yanzu da ɗan kwarin da babban yatsansa ya ci a jikin katakon.

Matarsa Mieta ta shigo da kofi, ta same shi zaune.

Ta ce, "Tsoho, kallon katako kake yi ko addu'a? In addu'a ce in rufe ido."

"In na canza ta, bindigar ta tashi daga ta Baba."

"Da Baba ya ga cikin barewar nan, da kansa zai cusa ƙotar a murhu. Me ya rage?"

Ya ce shimfiɗa ce ta rage. Ana zuba gam a kwarmin ƙota, a kwantar da ƙarfen a kai ya bar siffarsa, don kada ya sake motsi. Sai dai gam ɗin ya yi ruwa, yana bukatar garin katako ya yi kauri.

Mieta ta ɗauki tsohuwar ƙotar da magagari, ta ajiye a gabansa.

"To ga katako."

Stoffel ya juya ƙotar a hannunsa. Daga bisani ya ambaci sunan Allah, ya ɗora magagarin daidai gurbin yatsan mahaifinsa. Garin ya riƙa zuba cikin murfin gwangwani, ja-ja, yana tashin ƙamshin man da marigayin ke shafa masa. Ya kwaɓa shi da gam, ya shimfiɗa a sabuwar ƙota, ya ɗauko ƙarfen zai danna.

Ta riƙe masa hannu. "Man takalmin fa?"

Ya dakata. Ƙarfen da ba a shafa wa man ba, gam zai kama shi, ba mai sake raba su. Ta kawo gwangwanin da yake goge takalmin Lahadi da shi, ya bi kowane lungu na ƙarfen yana shafawa.

Ta ce, "Ƙarar da shi duka, ka je gaban fasto da ƙafa fururu."

"Fasto naman zai duba, ba ƙafata ba."

Washegari ya ɗan bugi ƙarfen da tafin hannu, ya fito sumul, ya bar siffarsa cikin shimfiɗar mai launin tsohuwar ƙota. Ya mayar ya ɗaure, suka gangara busasshen rafi, ya jingina allo da gaɓa. Ya harba, ya sake, ya kuma sake. Mieta ce ta je ta duba, ta ɗora babban yatsanta a kan ramukan, ya rufe su duka.

Stoffel ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi. Ta jira har ya mayar da ita.

Ta ce, "In aika wa matan coci su tanadi gishirin gyaran nama?"

Ya shafa wuyan ƙotar da babban yatsa, ya ce, "Aika musu, in Allah ya yarda."