Wanke Sunan Malam Motin

Tijjani na kokawa da ƙofar ƙarfen shagon Ammu Azhar, wadda ta cije a rabi kamar yadda ta saba, sai ya ji muryar mace a bayansa tana tambaya ko nan ne wurin Azharuddin Mallik mai gyaran agogo. Larabcinta na littafi ne, irin wanda ba a ji a lungunan unguwar Misfala ta Makka sai a bakin masu huɗuba.

Ya waiwaya. Mace ce 'yar ƙarama, ta haura hamsin, da baƙar abaya da jakar masu Umra rataye a wuya. Ya ce nan ne, amma mai shagon ba ya nan, shi maƙwabcinsa ne, ya zo ɗaukar wa wani agogonsa. Ta ce sunanta Shaima, daga Bangladash take, har ta faɗi sunan ƙauyensu, malamar Larabci ce a wata makarantar 'yan mata. Shekara tara tana bin sawun mutumin nan, sai bara wani tsohon abokin zamansa na kurkuku ya ce mata yana Makka. Tijjani ya tambaya ko 'yar'uwarsa ce.

"A'a," in ji ta. "Shi ya yanke wa mahaifina hukuncin kisa."

Ta faɗe shi ne a hankali, babu ɗaga murya. Ayarin mahajjata ya ratsa tsakaninsu zuwa Harami, wani mai tura keken marasa ƙarfi yana neman hanya. Tijjani ya ce mata tsohon ya yi tafiya, bai san ranar dawowarsa ba. Ta dube shi ɗan lokaci, sannan ta shimfiɗa hankici a dakalin shagon ta zauna. Ta ce jirginsu sai Alhamis, za ta jira.

Gaskiyar magana, kwana shida ke nan Azharuddin, wanda ake kira Ammu Azhar, wato Baffa Azhar, yana kwance a asibiti. Zuciyarsa ta gaji, likita ya ja Tijjani gefe ya ce masa lissafin na kwanaki ne, a guje wa duk abin da zai tayar masa da hankali. Tijjani aka gaya wa domin babu wani. Shi Tijjani a unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi, kakanninsa sun taso daga Katsina a ƙafa suka biyo ta Sudan, kuma shekara ashirin da shida shagonsa na darduma da carbi yana manne da na tsohon. Kullum bayan la'asar tare suke shan shayi.

A kan shayin nan ya ji tarihin tsohon, guntu-guntu. Ɗan manomin rama ne, daga wani ƙauye na bakin kogi inda mutum ke noma shekara guda mai gona ya kwashe rabi. Ya yi jami'a a Daka, babban birnin Bangladash, ya bar karatu ya shiga wata ƙungiyar ɓoye da ta yi rantsuwar ƙwace ƙasa ta raba wa talakawa. Shi ne alƙalaminsu, takardun da ya rubuta ana karanta su a asirce cikin jiragen ruwa da rumfunan kasuwa. Aka kama shi, ya yi shekara shida a tsare, ya fito da wani tunani dabam. Ya zo aikin Hajji bai koma ba.

Tijjani ba ɗan boko ba ne, amma yana son jin sa. Tsohon yakan ce har gobe bai yarda cewa talauci ƙaddara ce da za a naɗe hannu a kanta ba, zalunci ne, kuma yana da masu shi. Abin da ya tuba daga gare shi shi ne ɗaukar mutum ɗaya a matsayin tsanin da jama'a za su taka su haye. Yakan ce sun tashi korar mai gona, sai ƙungiyar ta zama sabon mai gona, wanda ba rabin shinkafa yake karɓa ba, hankalin mutum yake karɓewa gaba ɗaya. Idan 'yanci bai sauka a kan wani takamaiman mutum mai suna da uwa ba, to babu shi ko'ina. Wani lokaci ɗaliban ilimi 'yan Najeriya sukan tsaya gyaran agogo su ɓige da musu da shi har a kira magariba. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa ambaton kisa ba.

Da azahar ta wuce matar tana nan zaune. Tijjani ya aika mata ruwa da gurasar tamis, ta karɓi ruwan kawai. Ya kira matarsa Hauwa ya gaya mata. Hauwa ta ce ita dai ba ta san ya iya ƙarya a unguwar Harami ba, kuma ba shi ke da hurumin yanke wa mutum biyu abin da ke tsakaninsu ba. Ya rufe shago ya hau bas.

Ɗakin na mutum huɗu ne, gadon tsohon na jikin taga. Ya rame har zoben azurfarsa yana juyawa a yatsa. Tijjani ya ja kujera, ya yi ta kewaye-kewaye da labarin kasuwa, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Da ya ambaci sunan ƙauyen da matar ta ba shi, sai ya ga abin da bai taɓa gani a fuskar nan ba, wato tsoro.

"Ka ce mata na mutu," in ji Ammu Azhar.

"Na riga na yi mata ƙarya ɗaya yau, ya Ammu. Ba zan ƙara ba."

"Kwana nawa ya rage? Ka jinkirta kaɗan, maganar za ta zama gaskiya."

Tsohon ya juya fuskarsa ga bango. Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ta duba ruwan da ake ƙara masa, ta fita. Mara lafiyar gadon kusa yana ta tari. Tijjani ya zauna yana jin haushin kansa da haushin tsohon, domin ya ɗauka mutumin da ya shekara yana magana a kan gaskiya zai tare ta a tsaye. Har ya miƙe zai tafi, muryar ta fito daga wajen bango, a dushe. Ya ce a kawo ta, kuma Tijjani ya tsaya, kada ya fita.

Bayan la'asar ya dawo da ita a tasi. A hanya ba ta tambaye shi dalilin ƙaryar safe ba, shi ma bai ba da uzuri ba.

Ta tsaya a ƙarshen gadon, ta ƙi zama. Ta fara da yarensu, tsohon ya ɗaga hannu ya roƙe ta su yi Larabci, yana son mutumin nan ya zama shaida. A haka Tijjani ya ji labarin. Mahaifinta, Malam Abdul Motin, shi ne malamin makarantar ƙauyen. A shekarar saba'in da uku 'yan sanda suka kama 'yan ƙungiyar su biyar a wani gida, aka ce malamin ne ya tsegunta. Mutane suka zo suka fita da shi, tana da shekara huɗu, ba a sake ganin sa ba. Aka manna takarda a ƙofar makaranta cewa an hukunta maci amanar talakawa. Tun daga ranar ba a kiran uwarta sai matar ɗan tsegumi. 'Yan'uwan waɗanda aka kama ba su ƙara cin abincin gidansu ba. Uwar tana raye, ta kai tamanin, har yanzu ba ta zuwa ɗiban ruwa sai ta tabbata babu kowa.

"Ban zo neman jininka ba," in ji Shaima. "Tambaya ɗaya ce. Ya aikata?"

"Bai aikata ba."

Tsohon ya numfasa, ya ci gaba, kalma-kalma. Ya ce ba shi ya harba ba, amma shi ya rubuta hukuncin, da takardar ƙofar makaranta. Hujjarsu ita ce an ga malamin ya shiga ofishin 'yan sanda, ashe kekensa da aka sace ya je bi. Bayan wata biyu suka gano mai tsegumin na cikinsu ne. Suka zauna suka yanke cewa fitar da maganar zai karya gwiwar talakawa, gara a bar ta. Shi ya kawo wannan shawara, kuma ya kawo ta da hujjoji masu kyau.

"Na rubuta littattafan rubutu goma sha ɗaya a kan kuskuren tunaninmu," in ji shi. "Ban rubuta sunan mahaifinki a ko ɗaya ba. Tunani yana da sauƙin tuba. Suna ne mai nauyi."

Shaima ta riƙe ƙarfen gadon. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jaka ta fito da takarda da biro, ta ce ya rubuta. Hannunsa ya kasa riƙe biron, don haka ita ta rubuta, yana shibta mata da yarensu, tana tsayar da shi idan ya fara bayani mai tsawo, tana mai da shi kan abin da ya faru, da rana, da sunaye. Ta tambayi inda aka binne shi. Ya kwatanta mata wata bishiyar mangwaro a gabas da mashigin jirgin ruwa. Ta ɗago ta ce kogi ya cinye wannan gaɓar tun tana budurwa. Duk da haka ta rubuta.

Ya sa hannu da ƙyar. Tijjani ya sa nasa a ƙasa, da lambar iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a kan rubutun da harafi ɗaya bai iya karantawa a ciki ba. Ta linke takardar, ta yi sallama irin ta kowane Musulmi, ta fita.

Tijjani ya bi ta har bakin titi. Rana ta yi sanyi, motocin mahajjata sun jeru suna jira. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya ce mata mutumin nan ba zai kai Juma'a ba, kuma ga su a garin da ake yafiya, ko za ta ba shi kalma ɗaya ya kai masa.

Ta ce ita uba ta rasa, wanda ko fuskarsa ba ta riƙe ba. Uwarta kuwa shekara hamsin aka ɗauke mata. Za ta sa a karanta takardar a masallacin ƙauyen, a gaban jikokin mutum biyar ɗin, sannan ta tambayi tsohuwar. Abin da tsohuwar ta ce shi za ta aiko. Ta karɓi lambar wayarsa ta hau bas ɗin Harami.

Tijjani ya hau matakalar asibitin a hankali. A hawa na biyu ya tsaya ya jingina. Ya san amsar ba za ta iso da wuri ba. Ya san kuma kalma biyu za su wadatar, ya ce wa tsohon "ta yafe", babu wanda zai taɓa ƙaryata shi.

Tsohon na kwance idonsa a kan ƙofa. Bai bari ya zauna ba ya tambaye shi me ta ce.

"Ta ce sai ta tambayi mahaifiyarta."

Ammu Azhar ya rufe ido. Tijjani ya ɗauka barci ya ɗauke shi, har ya miƙa hannu zai gyara masa bargo.

"Daidai ne," in ji tsohon. "Mu ba mu tambayi kowa ba."