Gangar Noma a Shagon Ƙanƙara

Gwaggo Kubura ba ta yarda da yarinyar nan ba tun daga lokacin da ta sauko daga kan mashin a ƙofar gida tana murmushi. Murmushin ya yi yawa. Rahina ɗiyar ƙanenta Ladan ce, a Kaura Namoda aka haife ta, kuma rabonta da garin Ɗan Isa har an manta. Yau ga ta da sabulu da turmin atamfa, har da durƙusawa gwiwa bibbiyu. Kubura ta karɓi kaya ta sa albarka, a ranta kuwa cewa take, to, bari mu ji abin da ke tafe.

Ba ta jira da yawa ba. Ana gama cin tuwo Rahina ta gyara zama.

"Gwaggo, kin san ina karatun digiri na biyu."

"An gaya mani. Na farkon bai ishe ki ba."

Rahina ta yi dariya, ta ce karatun nata na kula da gidan adana kayan tarihi ne, inda ake ajiye kayan mutanen da don na baya su gani. Kafin a sallami ɗalibi sai ya nemo wani tsohon abu daga garinsu, ya yi masa magani in yana lalacewa, ya binciko labarinsa, a baje shi a makaranta mutane su kalla, sannan a mayar wa masu shi. Ita kuwa babu abin da take so sai gangar kakanta.

Kubura ta ajiye cokalin fura. Ashe nan aka nufa.

Mahaifinsu ita da Ladan, Isma'ila, makaɗin noma ne. A zamaninsa in aka kira gayya daga nan har ƙauyukan Zurmi, ba a ɗaga fartanya sai ya rataya gangarsa. Da ya rasu, Ladan, wanda ya koma Kaura ya zama malami, ya zo ya ce a fasa ta a sa a murhu, wai kayan shashanci ne. A ranar Kubura ta nuna masa ita ce babba. Ta ɗauke gangar ta naɗe da tsohon zane ta rataye a ƙuryar ɗakinta, ta ce duk mai son taɓa ta sai ya fara taka gawarta. Shekaru sun shuɗe, Ladan bai ƙara tayar da maganar ba, ita ma ba ta manta ba.

"Ubanki ne ya aiko ki?"

"Wallahi a'a, Gwaggo. Sai da na faɗa masa ma ya sani."

"Ya sani dai kenan."

Duk da haka ta sauko da gangar, don gani kawai, ba don bayarwa ba. Ta warware zanen a tsakar gida ta koma gefe tana kallo. Sai yarinyar ta buɗe jaka ta zaro wata safar hannu shuɗiya ta roba, irin ta ma'aikatan asibiti, ta zura hannuwanta ciki kafin ta taɓa.

Kai! Kubura ta ɓata fuska. Gangar da ubanta ya rungume a ƙirjinsa har tsufa, ita ce yau ta zama najasa?

"Ƙazanta ce a jikinta, ko tsoro kike kada zunubinta ya shafe ki?"

"Subhanallahi, Gwaggo! Hannuna ne mai ƙazantar. Gumi da maiƙon hannu suna ɓata tsohon icce da fata. Haka aka koya mana, duk abu mai daraja ba a taɓa shi da tsurar hannu."

Magana mai daɗi, Kubura ta ce a ranta. Can makarantar har da iya baki ake koya masu.

Rahina ta juya gangar a hankali, sai wani gari mai laushi ya zubo kan tabarma kamar garin gero. Ta nuna wasu ƙananan huji a jikin iccen, ta sa tsinke a ɗaya ta jawo wata farar tsutsa tana motsi. Ta ce ƙwari ne ke cin ta daga ciki, kuma in aka bar ta haka, ba za ta ga damina mai yawa ba nan gaba. Wannan kam Kubura ba ta da bakin musu. Ta daɗe tana share garin nan daga ƙarƙashin gangar, tana gaya wa kanta daga azara yake zubowa.

"To mi ne maganin?"

"Sanyi. Za a naɗe ta a leda a rufe ruf, a sa ta a firiza ta yi kwanaki. Ƙwarin da ƙwayayensu duk sai su mutu. Akwai wani Atiku mai sayar da ƙanƙara a Kaura, firizarsa da hasken rana take aiki, ba ta mutuwa. Na riga na yi magana da shi."

"Kin riga kin yi magana da shi. Tun ban ce na ba ki ba."

Rahina ta sunkuyar da kai. Kubura ta dubi tsutsar da ke murɗawa a kan tsinke, ta dubi gangar. Ba don ta yarda da yarinyar ba, don tsoron tsutsar nan ta ce a ɗauka. Tana zaune fuska a ɗaure Rahina ta sassauta tsirkiyar gangar, ta naɗe ta da farin ƙyalle, ta zura a leda, ta liƙe ko'ina. Tana yi tana bayani, wai in an fito da ita ba a buɗewa nan take, sai ta kwana a inuwa cikin ledarta ta huce a hankali, don icce mai sanyi ba shi da ƙarfi. Kubura ba ta saurara sosai ba. Farin ƙyallen take kallo, wanda ya yi mata kama da likkafani.

Mashin ya tafi da su. Ƙuryar ɗakin ta zama wayam.

Washegari maƙwabciyarta Mardiyya ta shigo aron turmi, ta ji labari, ta dafe ƙirji.

"Kika ba ta? Haba Kubura! Ba ki ji abin da anka yi wa mutanen Katuru ba? Akwai masu bin ƙauyuka suna karɓar tsofaffin kaya, wai za su gyara. Sai a kai wa masassaƙi ya sassaƙa irinsa sak, a turara da hayaƙi ya yi baƙi, a maido maka na ƙarya. Na gaskiyar kuwa ta Shinkafi ake ƙetarawa da shi, sai ƙasar Turawa."

"Ɗiyar ƙanena ce fa."

"Ai da na gida ake haɗa baki. Baƙo ya san inda kika rataye ta?"

Mardiyya ta ɗauki turmi ta fita, ta bar ta da wasiwasi. Kubura ta kasa cin abinci. Ta tuna sabulu da atamfa, ta tuna safar hannun, ta tuna yadda aka shirya da mai ƙanƙara tun kafin a tambaye ta. Wa ya taɓa jin an sa ganga a firiza kamar kifi? Kuma me ya sa sai an liƙe ta yadda ido ba zai ga abin da ke ciki ba?

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Ladan ne, mutumin da sai Sallah yake kiranta.

"Yaya, na ji kin ba Rahina abin nan. Kin kyauta wallahi. Allah ya saka."

Abin nan. Ko sunanta ba ya iya faɗa. Kuma yaushe Ladan ya fara murna da ganga? Ta tambaye shi ina yarinyar, ya ce ta koma makaranta wajen malaminta, sai nan da 'yan kwanaki. Kubura ta kashe waya tana jinjina kai. An kai kaya, mai kaya ta bar gari, uban yana godiya. Ko dai an ƙone ta, ko an sayar, ko ana can ana sassaƙa mata ta bogi. Su a ganinsu tsufa ya cinye mata hankali.

Ta daure kwana biyu da ƙyar. Da safe ta ɗaura mayafi, ta ciro makaɗin ubanta, lanƙwasasshen sandan nan da ba ta nuna wa Rahina ba, ta soke a ƙugu, ta hau motar Kaura. In ganga ce ta Isma'ila, kunnenta zai gaya mata. Tun tana yarinya ta san yadda yake buga gefen iccen kafin ya fara kiɗa, da irin amon da take bayarwa.

Shagon Atiku na bayan tasha. Wani siririn mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta da ya ji ko wace ce. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya fara sosa ƙeya.

"Inna, ai Malama Rahina ta ce kada a fito da ita sai ta dawo. Ta ja mani kunne ƙwarai."

"Ta ja maka kunne? Gangar ubanta ce ko ta ubana?"

"Ta ubanki ce, Inna, amma..."

"To in tana nan, mi ya hana ka nuna mani? Ko babu ita?"

Muryarta ta tashi. Masu sayen ƙanƙara suka juyo, 'yan acaba suka matso. Kubura ta ce a zo a gani, an haɗa baki an raba marainiya da gadon ubanta. Marainiya mai furfura, amma ba wanda ya yi dariya. Atiku ya ga shagonsa na neman zama abin kallo, ya ɗaga murfin firiza ya ciro ƙunshin da hannu biyu, hayaƙin sanyi na tashi daga jikinsa.

"Ga ta nan. Don Allah ki duba ta waje kawai. An ce kada a buɗe ledar."

Ai kamar ya ce mata buɗe. Ta fizge ƙunshin ta fita da shi bakin shago inda rana take da ƙarfi, don ta gani da kyau. Ta sa haƙori ta yaga leda, ta yaye farin ƙyallen.

Wannan ba kalar gangarsu ba ce. Wani farin abu ya lulluɓe ta, kafin ta ƙifta ido ya narke, iccen ya jiƙe ya yi baƙi ƙirin yana naso. Baƙi, kamar yadda Mardiyya ta faɗa. Ta ƙwanƙwasa gefen da ɗan yatsa, ba ta ji komai ba sai wani ɗum maras rai. Ta zaro makaɗin ta buga. Ɗum.

"Kun ji ko? Kun ji? Wagga ce gangar Isma'ila?"

"Inna, sanyi ne, ki bari ta..."

Ta ɗaga hannu ta sauke da dukan ƙarfinta, a daidai inda ubanta yake bugawa, don kowa ya ji ƙaryar da kunnensa.

Ba amo ya fito ba. Wata 'yar ƙara ce, ƙas, sai makaɗin ya shige ciki. Tsaga ta bi jikin gangar daga baki zuwa baki, iccen ya buɗe a kan cinyarta, fatar ta saki gefe guda. Gari ya zubo, tare da matattun ƙwari masu yawan gaske, ƙanana baƙaƙe, duk sun sandare. Ko ɗaya ba ya motsi.

Kubura ta leƙa cikin abin da ya rage. Can a ciki akwai wani faci na ƙaro, inda Isma'ila ya taɓa toshe wata 'yar ɓula ranar da yake sauya fata. Hannunsa ya yi girma, sai ya kira ta, tana 'yar ƙarama, ya ce ta danna masa kafin ya bushe. Ga shatin ɗan yatsanta nan a jikin ƙaron, ƙarami kamar ƙwayar wake. Rabon da ta gan shi tun ranar.

"Innalillahi," ta ce, a hankali. Sai ta sake faɗa.

Atiku ya riga ya kira Rahina tun ana hayaniya, yanzu wayar ta shiga. Ya miƙo mata. Muryar yarinyar ta fito da sauri, tana haki kamar mai gudu.

"Gwaggo, ki gafarce ni, laifina ne da ban zo da ke kin ga wurin ba. Tana nan lafiya lau, wallahi. Ki ɗauke ta ki tafi da ita gida in kina so, na haƙura da karatun. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki buɗe ledar yau. Ki bar ta ta huce. Gwaggo? Kina ji na?"

Kubura tana ji. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne ta, har ta rasa wanne ya fi nauyi. Ta mayar wa Atiku wayarsa, Rahina na ta kiran sunanta a ciki. Ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta tattara ɓarayin iccen, manya da ƙanana, ta ɗaure. Mutane suka buɗa mata hanya.

A tasha motar Ɗan Isa saura mutum ɗaya. Ta sa ƙafa za ta shiga, ɗan kamasho ya tare ta yana duban ƙunshin da tsinin icce ya leƙo ta gefensa.

"Inna, kawo nan. Iccen girki a saman mota ake ɗora shi."

"Ba iccen girki ba ne."

"To mi ne?"

Ta dube shi, ta dubi ƙunshin. Sai ta ratsa ta gefensa ta zauna, ta rungume shi a ƙirji, ruwan sanyi na ɗiga ta cikin mayafin yana jiƙa mata zane har suka bar gari.