Igiyar da Ke Hannun Mati

A wani ƙauye da ke yamma da Bagwai, 'yan shekaru kafin Yaƙin Basasa, rijiya ta rufta da wani mai haƙa, Khalilu. Yayansa Mati ne yake zurara shi da igiya lokacin da bangon ya zube. An yi tono har aka gaji, ba a kai ga gawar ba. Liman ya sa aka yi masa salla a bakin ramin, aka ƙarasa cike shi.

Mati bai ji ko ƙwarzane ba. Amma hannunsa na dama ya ƙi sakin igiyar. Maza uku suka gwada ɓanɓare yatsun suka kasa, sai suka yanke igiyar ta gaba da ta baya, suka bar guntun a cikin dunƙulen.

Haka rani ya wuce. An sha rubutu, an yi turare, an shafa man shanu mai ɗumi. Yana ci da hagu, yana magana kamar kowa, hannun kuwa ko cikin barci ba ya buɗewa. Farata suka yi tsawo suka huda tafin. Da bazara ta kama, wurin ya fara wari.

Nababa wanzami ya duba, ya danna wuyan hannun, ya kira Asiya matar Mati gefe.

"Ruɓar tana hawa. In ta wuce nan, ba hannu za mu yi ta ceto ba, rai ne. Bayan Juma'a zan zo da wuƙa."

Washegari Asiya ta tafi unguwar Barebari, inda jikokin fataken Barno suka daɗe da zama suna noma, ta dawo da wata tsohuwa, Yakaka. An san ta da kaɗin zare, an kuma san ana kiranta wurin mai naƙuda da wanda ya ƙone, ta zauna ta yi ta magana har ciwon ya lafa. Babu abin da ta riƙo sai taskira da mazari da ɗan alli.

Liman ya tare ta a ƙofar gida, ya tambaya ko aikin nata da kiran iskoki.

"Allah gafarta Malam, ba na kiran kowa. Mai ciwon nake kira, shi ma a hankali. Ka zauna ka gani."

Ya zauna. Nababa ma ya zo da zabirarsa, ya ce shi dai kallo ya kawo shi.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya da hantsi. Yakaka ta dubi Mati sama da ƙasa.

"Kai ne mijin nawa da aka ce hannu ya ƙi buɗewa? Wannan ai rowa ce, ba cuta ba. Goro ma ba za ka ba ni ba?"

"Iya, da zai buɗu da kin samu har da turmin zane."

"Na ji alkawari, akwai shaidu. Zauna nan. Kada ka dube ni, na tsufa. Dubi mazarin."

Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin a kan sakaina. Ya tsaya cak yana juyawa, da ɗan ƙugi kamar na zuma daga nesa. Zare ya riƙa fita daga audugar, siriri, ba ya tsinkewa. Ta soma magana da murya ƙasa-ƙasa, ba waƙa ba, ba addu'a ba. Ta ce masa iska tana taɓa wuyansa. Ta ce ƙafafunsa sun yi nauyi kamar na wanda ya yini a gona ya sami inuwa. Duk abin da ta faɗa sai ta maimaita, tana ja daidai da numfashinsa, har numfashin ya koma bin maganarta.

Kafaɗun Mati suka sauka. Idonsa a buɗe, amma ƙuda ya sauka a gefen fatar idon bai ƙifta ba. Nababa ya matso, ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa, ya koma ya zauna a hankali.

"Mati, kana ina?" in ji Yakaka.

"Bakin rijiya."

"Me ke hannunka?"

"Igiya."

"Da nauyi?"

"Da nauyi. Khalilu ne."

"Ka gaji, ɗana. Saki igiyar."

Jijiyoyin hannun suka miƙe, dunƙulen ya ƙara tamkewa har ruwan ciwon ya ɗiga a tabarma.

"Bai ce ba," in ji Mati.

Yakaka ba ta tsayar da mazarin ba. Ta karkata kai wajen Asiya, ta tambaye ta da ido. Asiya ta raɗa mata cewa a gidan su Mati na masu haƙa, wanda ke sama ba ya sakin igiya sai na ƙasa ya ɗaga murya ya ce, "Na taka, saki." Ko sarki ne ya ce a saki, ba a saki. Da bulala mahaifinsu ya koya musu wannan tun suna yara. Khalilu kuwa bai kai ƙasa ba ƙasar ta rufe shi.

Tsohuwar ta ƙara alli a yatsu.

"Na yi kuskure, Mati. Kada ka saki. Riƙe da kyau. Amma ka bar shi yana lilo a tsakiyar rami, ba ya sama ba ya ƙasa. Zurara shi."

Hannun hagu na Mati ya ɗaga, ya kama abin da babu a cikin iska, ya soma zurarwa kamu bayan kamu. Bayansa ya sunkuya kamar mai ɗauke da nauyin mutum. Gumi ya keto masa. Can ya tsaya.

"Bango. Bangon zai zube."

"Ya riga ya zube," in ji Yakaka, muryarta ba ta sauya ba. "Ya gama zubarsa tun rani. Babu sauran abin da zai faɗo. Ci gaba."

Ya ci gaba. Liman yana jan carbi ba sauti. Matan da suka leƙo ta kan danga babu mai motsi.

"Ya kusa?" in ji Yakaka.

"Ya kusa."

"To ni zan yi shiru. Kai ka san muryarsa, ni ban sani ba. Saurara."

Ta ɗora yatsa a kan mazarin, ya tsaya. Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin kurciya a kan tsamiya. Mati ya karkatar da kunne ƙasa, wajen tabarmar, kamar mai leƙa rami. Ya daɗe a haka.

"Ya taka," ya ce.

Ɗan yatsan ƙarshe ne ya fara ɗagawa, sannan na kusa da shi. Faratan suka zare daga naman. Guntun igiyar rama, baƙi ƙirin, ya faɗo a kan cinyarsa.

Liman ya ce, "Subhanallahi," sau ɗaya, ya rufe baki.

Yakaka ta kira sunan Mati da muryar yau da kullum, ta ce ya dawo gindin tsamiya, rana ta yi. Ya ƙifta ido, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi mutane. Sai ya kifa fuska a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka cike ramin. Aka bar shi ya yi.

Nababa ya buɗe zabira, ya tsallake wuƙar ya ɗauko aska. Ya yanke faratan, ya wanke ciwon da ruwan bagaruwa. Da ya gama ya je inda tsohuwar ke naɗe zarenta.

"Iya, don Allah, muryar wa ya ji?"

"Ni ban ji komai ba. Kai ka ji?"

"Ban ji ba."

"To shi za ka tambaya."

Bai tambaya ba. Da la'asar Mati ya tafi inda rijiyar take, ya tona ɗan rami da hagu, ya binne guntun igiyar. Yatsu biyu ba su ƙara miƙewa sosai ba, amma da ruwan shuka ya sauka, da hannun dama ya riƙe sungumi.